Zan je Welney kallon suwan a hutun Disamba: wane lokaci ya fi, kuma yaya ake ɗaukar farin tsuntsu a hoto?

Ɗan Gumel

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Karatu nake a Kambirij, wannan ne hunturuna na farko a Ingila, ga hutun Disamba ya matso, kuɗin tikitin gida kuwa babu. Na sayi tsohuwar kyamara Nikon D3500 a hannun wani ɗalibi da ya kammala, haɗe da lens mai kaiwa 300mm, ina ta gwada hannu a kan suwan ɗin kogin Cam, fararen tsuntsayen ruwan nan masu dogon wuya da baki ruwan goro. Sai wani ɗan ajinmu ya ce ai waɗannan 'yan gida ne, in na gaske nake son gani in je Welney, inda dubbai ke sauka daga Aisland da Rasha kowane hunturu.

Ga abin da nake nema. Wanda ba shi da mota zai iya zuwa? Da safe ya fi ko da yamma? Sannan babbar damuwata hoton kansa: ruwa da itatuwa su fito tsaf, tsuntsun kuwa ya fito fari fat, ko layin gashin fiffike ba a gani. Lens ɗin ne ya gaza ko saiti ne? Duk wanda ya taɓa zuwa ya taimaka min, Allah ya saka.

Baban Hanifa

Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa ƙanena, sannu da sanyi, wanda ka ji zuwa yanzu somin taɓi ne, bari Janairu ta kama. A Peterborough nake, tasi nake tuƙawa, Welney kuwa nan nake hutuna duk ranar hunturun da ban fita aiki ba. Uwargida ta daina tambayar ina za ni in ta ga na ɗauki fulas da takalmin roba.

Ɗan ajinku rabin gaskiya ya faɗa maka. Na kogin Cam ɗin ma suwan ne na gaske, sai dai ba matafiya ba ne, a nan ake ƙyanƙyashe su a nan suke tsufa. Su ne masu baki ruwan goro da baƙin ƙullutu a goshi, suna lanƙwasa wuya in suna iyo, kuma za ka same su a Welney ma. Matafiyan iri biyu ne. Akwai babba, wanda suke kira whooper, daga Aisland yake zuwa tun wajen Oktoba ya koma a Maris. Tsakanin Aisland da Sikotland aƙalla kilomita 800 ne na teku zalla, kuma tsuntsu mai nauyin kilo goma ke ƙetare shi, har da 'ya'yan da ba su wuce wata huɗu ko biyar a duniya ba. Bakinsa ruwan ɗorawa ne da baƙi, ɗorawar ta yi tsini ta gangaro har ta wuce ƙofar hanci, wuyansa a miƙe, ga shi da surutu. Sai ƙarami, na Bewick, mai tasowa daga ƙuryar arewacin Rasha, tafiyar kusan kilomita 3,500. Nasa ɗorawar kaɗan ce, a kewaye take, ba ta kai hanci ba. In ka riƙe zancen baki kaɗai ka rarrabe su ukun.

Kada ka sa rai da yawa a kan na Rasha. Sun ragu ƙwarai: a 1995 an ƙirga kimanin 29,000 a yankin arewa maso yammacin Turai, zuwa 2010 sun koma wajen 18,000, kuma waɗanda suka rage ɗin ma da yawa sun daina ƙarasowa Ingila. Hunturu ya yi sauƙi, sai su yada zango a Jamus ko Holan su zauna abinsu. Waɗanda ke zuwa Welney kuma ba su cika matsowa gaban mutane ba, a gonaki suke yini. Na Aisland su ne ke ƙaruwa, ƙidayar 2020 ta haura 40,000, su za su cika maka ido.

Shi wurin, fadama ce doguwa siririya da ake kira Ouse Washes, tsawonta kimanin kilomita 30, faɗinta bai wuce kilomita ɗaya ba. Ba haka aka same ta ba. A ƙarni na 17 aka haƙa koguna biyu miƙaƙƙu kusa da juna ƙarƙashin wani injiniya ɗan Holan, Cornelius Vermuyden, don a busar da yankin a yi noma, aka bar filin da ke tsakaninsu ya zama ma'ajin ambaliya. Ruwa ya yi yawa sai a sake shi ciki. Wannan ruwan ne makwancin suwan, don dila ba ta iya kai musu a tsakiyarsa, gonakin da aka busar kuma nan ne wurin kiwonsu: ragowar dankalin Turawa, karan alkama, da guntayen tushen bit da ake yin sukari da shi. Ƙungiyar kare fadamu da tsuntsayen ruwa ta WWT, wadda Peter Scott ya kafa a Slimbridge a 1946, ita ce ke kula da ɓangaren Welney.

Zancen hanya, kai ka fi ni sa'a. Jirgin ƙasa mai zuwa King's Lynn yana bi ta Kambirij da Ely ya tsaya a Littleport, daga nan bai kai mil goma ba. Amma kada ka dogara da samun mota a bakin tasha, ƙaramin gari ne, ka yi waya ka shirya tasi na zuwa da na dawowa tun kafin ka baro ɗaki. Ni da nake tasowa daga yamma dole in tsallaka fadamar ta hanyar A1101, ita kuwa duk hunturun da aka yi ruwa sai ta nutse, a rufe ta, in zagaya ta Downham Market. Kai a gabar gabas za ka fito, gefen da ginin karɓar baƙi na WWT yake. Daga ginin akwai gada ta ƙafa mai kai ka babban ɗakin kallo, mai gilashi da na'urar ɗumi. In ambaliya ta yi ƙarfi har hanyoyin sauran ɗakunan laɓe suna nutsewa, ya zama shi kaɗai ake shiga, don haka ka duba sanarwarsu da safen ranar.

To lokaci. Kowa zai ce maka ka je ciyarwar ƙarfe 3:30 na yamma, inda ma'aikaci ke turo baro cike da hatsi yana watsawa, wani yana bayani a lasifika. Ka je, akwai daɗin kallo, yara ma suna so. Amma ni a wurina wannan wasan kwaikwayo ne. Yawancin masu rububin hatsin agwagin ruwa ne masu jan kai da ake kira pochard, kuma ka lura kusan duk maza ne, matan sun wuce kudu zuwa Faransa da Sifen. Ainihin abin yana zuwa ne bayan an gama, lokacin da rabin mutane suka tashi neman shayi. A tsakiyar Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Daga nan sai waɗanda suka yini a gonaki su fara dawowa, garke bayan garke, ƙasa-ƙasa, kana jin kukansu tun kafin ka hango su. Su miƙo ƙafa su yi birki a kan ruwa, su sauka, nan take a ɓarke da hayaniya: miji da mata su fuskanci juna, su buɗe fukafukai rabi, suna ɗaga kai suna saukewa suna ihu, 'ya'yansu masu ruwan toka na taya su. Sanar da maƙwabta suke cewa gidanmu ya iso, a matsa. Kuma ana matsawa, don wanda ya fi yawan 'ya'ya shi ke da iko a kan ruwan, gwauro kuwa sai gefe.

Shi ya sa nake ce wa duk sabon zuwa kada ya fara da kyamara. Dubu ɗaya a hoto farin ɗigo ne kawai. Zauna da madubin hangen nesa, ka zaɓi gida ɗaya, uwa da uba da 'ya'ya, ka bi su da ido har ka san wa ke tsokana, wa ke tsaro, wane ɗa ne ke yawan baya. Wasu za ka ga kansu da wuyansu sun yi ja-ja kamar tsatsa, wannan daga ruwan Aisland ne mai sinadarin ƙarfe, ba datti ba ne. Wasu da zoben roba a ƙafa mai haruffa, in ka karanta ka faɗa wa ma'aikata, sau da yawa za su iya gaya maka inda aka sa masa da shekarar. Na Bewick kuwa ko zobe ba ya buƙata, zanen bakin kowanne daban yake. Tun 1964 Scott da iyalinsa suka fara zana bakunan waɗanda ke sauka Slimbridge suna raɗa musu suna, har yau ana ci gaba, an rubuta sama da 10,000. In wata rana kana son ganin su kusa, can za ka je, amma nesa ne, a yammacin Ingila yake.

Saitin kyamara na bar wa masu sana'a, akwai su a zauren nan.

Maman Walid Mai Hoto

Sannu ɗana. Ni ban taɓa taka Ingila ba, a Kaduna nake ɗaukar hoton biki, amma matsalarka ita ce tawa ta kowace Asabar: ango cikin farar shadda a tsakar rana, abokai kewaye da shi cikin tufafi masu duhu. In ka bar wa kyamara zaɓi sai aikin wuyan rigar ya ɓace gaba ɗaya. Lens ɗinka lafiya lau yake, 300mm a kan wannan kyamarar daidai yake da wajen 450mm a kan manyan kyamarori, ya ishe ka.

Abin da ke faruwa shi ne kyamara tana auna hasken hoton duka ne ta nemi tsaka-tsaki. Ruwa mai duhu ya cika fili, sai ta ce duhu ya yi yawa ta ƙara haske, tsuntsun da dama fari ne ya ƙone. Kuma abin da ya ƙone ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da shi, alhali duhu ana iya ɗaga shi a kwamfuta. Don haka farin za ka auna, ba ruwan ba. Sa kyamarar a S, inda kai ke zaɓar saurin madanni, danna maɓallin nan mai alamar +/- da ke kusa da madanni, ka sauke zuwa -0.7 ko -1. Shiga saitin duba hoto ka kunna nunin wuraren da haske ya wuce kima, duk inda ya ƙone zai riƙa ƙiftawa a allo. In bayan tsuntsun yana ƙiftawa ka ƙara saukewa. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba.

Amma ka kiyaye, abin yana juyawa. In tsuntsun ya cika hoton, ko yana sama bayansa farin gajimare, kyamara za ta ga fari ya yi yawa ta rage, sai ya fito ruwan toka. Nan kuma ƙarawa za ka yi, +0.7 ko +1. Wanda ke zaune a ruwa, saurin madanni na 1/500 na daƙiƙa ya isa. Mai tashi yana son 1/1600 ko sama, ka sa fokas a AF-C ya riƙa binsa, ka nufi kai. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka bar shi ya hau, 1600 ko 3200 ba abin tsoro ba ne, gara hoto mai ɗan yashi-yashi da wanda ya girgiza. Ni a kan balbela nake koya wa yaran shagona wannan, kai ga naka a kogi a ƙofar makaranta, ka ƙware a kansu kafin ka biya kuɗin jirgi.

Baban Hanifa

Hajiya ta gama magana, Allah ya ƙara basira. Abin da zan ƙara na wurin ne kawai. Hasken da take lissafi da shi na Kaduna ne. A Welney ƙarfe huɗu ta wuce, 1/1600 mafarki ne da lens mai f/5.6 ko f/6.3. Hoton tashi mai kaifi ka nema da hantsi zuwa azahar. Da magariba ko dai ka sauke zuwa 1/60 ka bi tsuntsun da kyamara fukafukai su yi hazo-hazo, ko ka ɗauke su baƙi-baƙi a jikin jan sama, ko ka ajiye ta ka yi kallo. Ni na ukun nake yi galibi.

Babban ɗakin akwai ɗumi amma gilashi na tsakaninka da su. Manna bakin lens a jikinsa don fitilun ɗaki kada su fito a hoto, kuma kada ka kunna filasha, ba abin da za ta ba ka sai hoton kanka da harara daga dattawa. Ɗakunan laɓe na gefe suna da tagogi da ake buɗewa, hoto ya fi kyau, sanyi ya fi cizo. In ka fito daga sanyi ka shiga ɗumi lens zai yi gumi, ka sa kyamarar cikin jaka ka zuge kafin ka shiga, ka ba ta lokaci. Batiri na biyu a aljihun ciki kusa da jiki.

Sai dabarar tashi. Suwan ba ya tashi kwatsam, nauyi ya yi masa yawa. Iska yake fuskanta ya yi gudu a kan ruwa yana dukansa da ƙafa kafin ya ɗaga. Kafin nan kuma sai sun yi shawara: ɗaya ya miƙe wuya ya fara kaɗa kai yana kira, sauran su amsa, kiran ya yi ta sauri. In ka ga haka ɗaga kyamara. In iska na busowa ta bayanka, kanka za su nufo.

Ɗan Kasuwar Rimi

Ni duk bayanin nan inda na tsaya shi ne kilo goma. Baba, tsuntsu kilo goma, dubbai, ana ba shi hatsi kyauta, kuma ba mai wuƙa a kusa? An ce wai duka na Sarki ne shi ya sa. Ɗan Gumel in ka je ka gaishe su.

Baban Hanifa

Kai yaro, Allah ya shirye ka. Zancen Sarki yana da tushe amma ba haka yake ba. Tsohuwar al'ada ta ba gidan sarauta haƙƙi a kan 'yan gidan nan masu baki ruwan goro da ba su da alamar mai su, kuma a aikace a wani yanki na kogin Thames ake yin ta, inda duk Yuli ake fita da kwale-kwale ana ƙirga 'ya'yansu ana duba lafiyarsu. Baƙin Aisland da Rasha ba na kowa ba ne. Abin da ke kare su duka dokar 1981 ce ta namun daji, taɓa su laifi ne. Duk da haka ana harbinsu a hanya: da aka haska na Bewick a na'ura, kusan ɗaya cikin uku an same shi da ƙwayoyin harsashi a jiki yana yawo da su. Wani kuma dalma yake tsinta a laka ya haɗiye a zaton tsakuwa ce, ta kashe shi a hankali. 'Yan gidan ma sai da aka hana masunta amfani da yawancin ƙananan dalmar ƙugiya a 1987 kafin yawansu ya farfaɗo.

Na Bakin Tafki

Salamu alaikum. Daga Nguru nake bin wannan hira. Suwan dai ba ya zuwa mana, amma Yaya Baban Hanifa, in ka koma Welney a Afirilu ka duba wata 'yar ƙaramar agwagwa, namijin ruwan ƙasa da farin layi a saman ido, garganey. Kaɗan ne ke ƙyanƙyasa a fadamarku, amma yawancin irinta na Turai a yankin Sahel suke cin hunturu, a nan fadamar Hadejia da Nguru kuwa da yawa take sauka tare da wata agwagwar mai dogon wutsiya, su cakuɗa da kirinjijiya da dinya namu na gida. Lokacin da naku fararen ke isowa, lokacin namu matafiyan ke sauka. Tafkin Nguru da mashigar Marma suna cikin jerin fadamun Ramsar, wato fadamu masu muhimmanci a duniya, tun 2000, ga kuma Dagona ta wajen Gashuwa.

Abin da ya ja hankalina a bayaninka shi ne ruwan da ake sakewa da gangan. Mu namu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar ta sauya, ciyawar kachalla ta toshe magudanai, wani wurin ruwa ya ƙi tafiya wani ya ƙi zuwa. Ɗan Gumel, Gumel da Hadejia ai gida ɗaya ne. In ka dawo a watan Janairu na wata shekara ka zo da kyamarar, da hazo da komai akwai abin ɗauka.

Ɗan Gumel

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, na gwada -1 a kogi yau da safe, gashin ya fito ɗaya bayan ɗaya, har da ɗigon ruwa a wuya. Yaya na Nguru, insha Allahu, kunya ma ta kama ni da sai a nan zan fara kallon tsuntsu. Baba, na ji ana ciyarwar dare da fitilu, ita ma in tsaya? Kuma farkon hutu ya fi ko ƙarshe?

Baban Hanifa

Ta dare wajen 6:30 ake yi, a wasu ranakun mako kawai, ka tabbatar kafin ka tsayar da rana. Tana da kyau a ido, amma ga mai dawowa a jirgi ban ba ka shawara ba a zuwan farko, sai ka yi awa biyu kana jira cikin duhu. Ƙarshen hutu ya fi, yawansu yana kaiwa ƙololuwa ne a tsakiyar hunturu, kuma ka zaɓi ranar da aka ce sama za ta washe ko da sanyin ya fi tsanani. Ka isa da hantsi, ka zaga ɗakunan laɓe da rana, ka kama kujera a babban ɗaki tun ƙarfe uku don yana cika.

Ka yi alwala tun a ginin baƙi, ka sallaci azahar da la'asar kafin ka hau gada, don magariba a daidai lokacin saukarsu take shiga. Safa biyu, safar hannu mai yankakkun yatsu, shayi a fulas. In Asabar ce ka rubuto min ta akwatin saƙo, in hanya ba ta nutse ba zan ɗauke ka a Littleport ka huta da kuɗin tasi.